An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ɗakin Sanyi Ba Ya Aiki Sai da Fanka

Duk shekara, idan tumatirin noman rani ya nuna a Kadawa da Kura da Garun Malam, kasuwar Kwanar Gafan kan cika ta batse. Farashi ya faɗi warwas, kwanduna su yi layi a rana suna jiran mota, manomi ya zuba ido yana kallon guminsa na wata uku yana tsiyaya a ƙasa. Duk shekara kuma maganar ɗaya ce a bakin jami'in gwamnati da ƙwararren ƙungiyar agaji da mai sharhi a rediyo: a gina ɗakunan sanyi. Hujjarsu tana da ƙarfi. Ƙiyasin da aka saba ambatawa shi ne kimanin kashi 40 cikin 100 na tumatirin Nijeriya yana lalacewa kafin ya kai tukunya. Rahoton da hukumar muhalli da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2022 ya ce rashin ingantaccen sanyaya kaya ya jawo asarar tan miliyan 526 na abinci a duniya cikin shekarar 2017 kaɗai, wato kashi 12 cikin 100 na abin da aka samar.

Babu mai hankalin da zai yi jayayya da buƙatar sanyi. Abin jayayya shi ne yadda masu riƙe da kuɗi suka fahimce shi. A wurinsu ɗakin sanyi gini ne mai farin bango da ƙofa mai kauri da babban inji a bayansa, abin da za a ɗauki hoto a gabansa ranar ƙaddamarwa. Suna tambayar faɗin ɗakin, da ƙarfin kwamfuresa, da yawan faifan sola a kan rufi. Da wuya a ji wanda ya tambayi iska nawa ce za ta ratsa kayan da za a ajiye, ko ta wace hanya za ta bi. Alhali kuwa amsar wannan tambaya ita ke raba ɗakin da ke ceton amfanin gona da ɗakin da ke ruɓar da shi cikin duhu, bayan an biya kuɗin wuta. Na'urar da ke ba da amsar ita ce mafi araha a cikin tsarin duka, ita ce kuma aka fi rainawa: fanka.

Firji kwashe zafi yake yi

Firji ba ya ƙera sanyi. Aikinsa shi ne ya ɗauke zafi daga wuri ya zubar da shi a wani wuri. Gas ɗin da ke zagayawa cikin bututu yana shan zafi a cikin ɗaki, kwamfuresa ta matsa shi, ya je ya saki zafin a bututun waje, ya dawo ya sake. Amma gas ɗin nan ba ya taɓa tumatir ko ɗaya. Tsakanin bututun sanyi da ke rataye a saman ɗaki da ƙwayar tumatirin da ke tsakiyar kwando akwai tazara, kuma babu mai ɗaukar zafi ya ƙetare ta sai iska. Idan iska ba ta motsa ba, bututu ya yi ta ƙanƙara, tumatir ya yi ta dahuwa, kowa na harkarsa.

Iska kuwa raggon ɗan dako ce. Kubik mita ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kubik mita ɗaya na iska fiye da sau 3,000. Lissafin yana da sauƙi. A ɗauka an tsinko tan 10 na tumatir da rana, zafin jikinsa digiri 33 a ma'aunin Salshiyas, ana son saukar da shi zuwa digiri 13. Zafin da za a cire ya isa ya narkar da ƙanƙara fiye da tan 2. Idan iskar da ke ratsa kayan tana ɗumama da digiri 5 a kowane zagaye, sai an tura fiye da kubik mita 100,000 ta cikinsu kafin a gama. Wannan ba aikin da iska za ta yi don raɗin kanta ba ne.

Lokaci kuma ba ya jira. Tumatir da barkono da mangwaro rayayyu ne ko bayan an tsinke su: suna numfashi, suna ƙona sukarin jikinsu, suna fitar da zafi da danshi. Masana adana amfanin gona sun daɗe da tabbatar da cewa kowane ƙarin digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku. Saboda haka tarin tumatir mai zafi yana ƙara wa kansa zafi, musamman a tsakiya. Ma'aunin da ke jikin bango yana iya nuna digiri 10 alhali cikin kwando yana sama da 25 har washegari. Mai ɗaki zai rantse injinsa lafiya lau yake, kuma bai yi ƙarya ba. Iskar ɗakin ce ta yi sanyi, kayan kuwa suna nan yadda aka kawo su.

Darasin da aka koya tun 1882

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Ranar 15 ga Fabrairu 1882 jirgin ruwa mai filafilai mai suna Dunedin ya tashi daga Niyu Zilan zuwa Landan, ɗauke da gawar tumaki da ’yan raguna kusan 5,000 a daskare, da injin sanyaya mai aiki da kwal. Da jirgin ya shiga yankin zafi iska ta tsaya masa, sai ma'aikata suka lura sanyi ba ya zagayawa yadda ya kamata a cikin rumbun kaya. Injin yana aiki, hanyar iska ce ta gaza. Kyaftin John Whitson ya rarrafa ciki da zarto ya yanka ƙarin kafofin iska, sanyi ya kusa kashe shi, sai da igiya aka jawo shi waje. Bayan kwana 98 jirgin ya isa Landan, gawa ɗaya tak aka ƙi karɓa. Cinikin naman da ya zama ginshiƙin arzikin Niyu Zilan ya faro ne daga wannan tafiya, kuma kafofin da aka yanka da zarto suka cece ta.

A Amurka ma haka. Taragon jirgin ƙasa da Andrew Chase ya tsara wa Gustavus Swift, mai sana'ar nama a Shikago, a 1878, ya yi nasara ne saboda an ɗora ƙanƙara a sama, iska mai sanyi ta riƙa gangarowa kan naman da kanta, mai ɗumi ta riƙa hawa. Shekaru 60 bayan haka Frederick McKinley Jones, Baƙar fata ɗan Amurka da ya koya wa kansa aikin injiniya, ya ƙera injin sanyaya da ke jure girgizar babbar mota, shi da Joseph Numero suka kafa kamfanin da ya zama Thermo King. Daga nan sai injiniyoyin Jami'ar Kalifoniya, musamman Rene Guillou, suka fito da dabarar tilasta wa iska ratsa kaya a shekarun 1950.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A jera akwatunan kaya layi biyu, a bar lungu a tsakani, a rufe saman lungun da ƙarshensa da tamfol, a sa fanka mai ƙarfi a ɗaya bakin tana zuƙo iska. Da yake an toshe mata kowace hanya, iskar ɗaki mai sanyi ba ta da mafita sai ta kutsa ta ramukan akwatuna, ta shafi kowace ƙwaya, ta fito da zafi. Abin da zai ɗauki yini ɗaya ko fiye a ɗakin sanyi na zube yana ƙarewa cikin awoyi kaɗan. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kimanin lita ɗaya ta iska a kowace daƙiƙa ga kowane kilo na kaya, kuma ramukan akwati su kai kashi 5 cikin 100 na faɗin gefensa. Kayan aikin duka fanka ne da tamfol da tsarin jeri. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan aka gwama da kuɗin ginin, shi ya sa babu mai sha'awar sa su a takardar kwangila.

Kuma ba kowace fanka ba. Fankar silin tana kaɗa iska a sarari, da ta gamu da turjiya sai ta sare. Tura iska ta cikin tarin kaya yana buƙatar fankar da aka zaɓa bisa abu biyu: yawan iskar da take bayarwa da matsin da za ta iya jurewa. Mai fikafikai irin na farfela tana ba da iska mai yawa idan turjiya kaɗan ce. Mai ganga, wadda ke zuƙa ta tsakiya ta watso ta gefe, ta fi jure matsi. Kowace fankar masana'antu tana zuwa da jadawalin da ke nuna iskar da za ta bayar a kowane matsi. Wanda ya sayi fanka da faɗin bakinta kawai, bai duba wannan jadawali ba, caca ya yi da dukiyar jama'a.

Motar sanyi da kwandon kaba

Sai kuma hanya. Daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kuma masu shawara sun ce maganin shi ne motocin sanyi. Abin da ba sa faɗa shi ne injin motar sanyi da na kwantena an yi su ne don su riƙe sanyin da kaya suka riga suka samu. Ba a yi su don cire zafin gona ba. A loda tumatir mai zafi a cikin tirela mai firji, na gefe zai yi sanyi, na tsakiya ya isa Legas a nune fiye da kima. Idan babu tashar saukar da zafi kusa da gona, motar sanyi tsadadden akwati ce kawai.

Ko kayan sun shiga da sanyinsu, lodi yana iya kashe aikin. Kwantenar sanyi tana hura iska ta ƙasa, ta cikin tsagogin daɓenta, iskar ta hau ta cikin kaya ta koma inji ta sama. Shi ya sa ake ja mata jan layi kusa da rufi, wanda kaya ba sa wucewa. Idan aka bar fili a daɓe, iska ta bi nan ta koma ba ta shafi komai ba, domin iska kullum hanya mai sauƙi take nema. Idan aka cusa kaya har rufi, an shaƙe hanyar dawowa. Akwai kuma ƙaramar kafar shigo da sabuwar iska, wadda ke fitar da iskar kabon da etilin, sinadarin da ’ya’yan itace ke saki mai gaggauta nuna. Mai lodi da ake biyansa bisa yawan abin da ya cusa ba zai bar ko taƙi ɗaya ba, sai an koya masa dalili an kuma sauya yadda ake biyansa.

A nan ne ake dukan taiki. Idan kaya suka lalace sai a ce manomi jahili ne, ya ƙi rabuwa da kwandon kaba. Gaskiya ne kwando yana da illa: yana yanka tumatir, na sama yana danne na ƙasa, ba ya jeruwa yadda za a tilasta wa iska bi ta cikinsa. Akwatin roba mai ramuka ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma kwando yana da araha kuma ba a dawo da shi, akwatin roba kuwa sai an saya da tsada, an dawo da shi daga Legas, an wanke. Manomin da ya riƙe kwando lissafi ya yi. Wanda bai yi lissafi ba shi ne wanda ya gina ɗakin sanyi na miliyoyi bai tanadi akwatunan haya ba, bai kuma tambayi yadda iska za ta shiga abin da manomi zai kawo masa ba.

Hasali ma mutanen karkara sun riga masu digiri sanin darajar iska. Uwargida ba ta ajiye randa a ƙuryar ɗaki, inda iska ke kaɗawa take sa ta. Tukunya cikin tukunya da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki ne da wannan ka'ida: ruwan da ke cikin yashin da ke tsakanin tukwanen biyu yana tsotsewa ya tafi da zafi, kuma sai da busasshiyar iska mai motsi yake tsotsewa. Arewa tana da irin wannan iska kyauta watanni da yawa a shekara.

Albasa ba sanyi take nema ba

Babban misalin ɓatan basira shi ne albasa. Daga Aliero a Kebbi zuwa Galmi a jihar Tawa ta Nijar, manoma suna asarar albasa a ajiya, kuma a nan ma ana yi musu wa'azin ɗakin sanyi. Albasa tana da hali na daban. Idan ta bushe wuyanta ya rufe, tana ajiyuwa a wuri biyu: kusa da digiri sifili tare da danshi kimanin kashi 65 zuwa 70, ko kuma a zafin digiri 25 zuwa 30 muddin iska na ratsa ta. A tsakanin nan, wato daga digiri 5 zuwa 20, ta fi saurin tsiro. To, ɗakin sanyin da wuta ke ɗaukewa tana dawowa a wannan tsakani yake yini. Duk lokacin da iska mai ɗumi ta shiga, raɓa ta kwanta a jikin albasa mai sanyi, ruɓa ta samu ƙofa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Manoman Holan, waɗanda albasarsu ke cika kasuwannin Afirka ta Yamma, suna busar da ita suna kuma ajiye ta a manyan rumbuna ta hanyar hura iska da fanka daga ƙasan tari. Manoman Nashik a Indiya suna amfani da rumfuna masu ɗagaggen daɓe da bango mai tsagogi. Rumfar kara da manomin Sakkwato ke ɗagawa daga ƙasa ’yar uwar waɗannan ce, abin da ta rasa shi ne iska tabbatacciya a ranakun da gari ya yi tsit da lokacin da damina ta kawo laima. Ƙara mata fanka da ’yan faifan sola ya fi kusa da aljihunsa, ya kuma fi dacewa da halin albasa, a kan gini mai kwamfuresa. Shi ma tumatir ɗanye ba ya son sanyi mai tsanani: ƙasa da digiri 10 yana lahanta shi, ya ƙi nuna daidai, ɗanɗanonsa ya tafi. Wanda ya ɗauka kowane kaya firjin nama yake buƙata ya nuna bai san kayan ba.

Hujjar wuta

Za a ce duk wannan ƙaramar magana ce, matsalar ita ce wutar lantarki da tsadar mai. Lalle matsala ce. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga ’yan rukunin A zuwa naira 225 a kowane kilowat na awa. Sai dai wannan hujja goyon bayan batun fanka take yi. Duk wutar da fankar cikin ɗaki ta ci tana komawa zafi a cikin ɗakin, kwamfuresa ta sake cin wuta don ta fitar da shi. Muguwar fanka sau biyu ake biyan kuɗinta. Kuma fanka tana da wata doka da kowane ɗalibin injiniya ya sani: a rage gudunta da kashi 20, wutar da take ci ta ragu da kusan rabi, a rage shi da rabi, ta ragu zuwa kashi ɗaya bisa takwas. Kaya suna buƙatar iska mai ƙarfi ne a awoyin farko kawai. Da zafin gona ya fita, iska kaɗan ta isa, mai yawa ma busar da su take yi, su yanƙwane, nauyinsu ya ragu a sikeli. Fanka mai sauya gudu tana mayar da wannan sani kuɗi a aljihu, kuma ga ɗakin da ke dogaro da sola, kamar irin waɗanda kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu ke kafawa a kasuwanni tun 2015, kowane wat da aka rage ragin batir ne da faifai.

Akwai kuma fankar waje, wadda ke fifita bututun da ke zubar da zafi. A watan Afrilu zafin Kano yana kaiwa digiri 40, kuma ƙurar hunturu ta riga ta cika tsagogin bututun. Idan iska ba ta ratsa shi, matsin gas yana hawa, kwamfuresa ta ci wuta fiye da kima, ta yi zafi, daga ƙarshe ta ƙone. Sai a ce injin jabu ne, ko a ce yanayin Arewa bai karɓi fasahar ba. Buroshi da ruwa da mai kula sau ɗaya a mako sun isa su hana hakan. A ciki ma ƙanƙara tana taruwa a bututun sanyi ta toshe iska, sai an narkar da ita a kan kari. Ɗakin sanyi ba ya mutuwa rana ɗaya, shaƙewa yake yi a hankali.

Abin da ya kamata a tambaya

Dalilin wannan sakaci ba boyayye ba ne. Gini ana ganinsa, iska ba a ganinta. Ribar ɗan kwangila tana cikin siminti da bango da babban inji. Rahoton mai ba da tallafi yana ƙirga ɗakuna nawa aka gina da tan nawa za su ɗauka, ba ya ƙirga awa nawa tumatir ke yi kafin zafinsa ya sauka. Ɗan siyasa yana buƙatar abin da zai yanke wa kyalle. Babu ɗayansu da zai kwana da asara idan kayan suka ruɓe, manomi da ɗan kasuwa ne za su kwana da ita, sannan su ce ɗakin sanyi yaudara ce su koma ga abin da suka sani. Wannan ita ce asara mafi muni, domin amincewar da aka ɓata tana wuyar dawowa.

Gyaran yana hannun masu ilimin da ke zaune a kwamitin tantance kwangila, da ma'aikatan bankin da ke sa hannu a takardar bashi, da malaman kwalejojin fasaha, da ’yan jaridar da ake gayyata ranar buɗewa. Duk takardar neman kuɗin ɗakin sanyi ta faɗi wane kaya za a ajiye, da zafin da zai shigo da shi, da awoyin da zai ɗauka ya sauka, da yawan iskar da fanka za ta bayar a kan wane matsi. Kada a biya kuɗin ƙarshe sai an cika ɗakin da kaya na gaske, an soka ma'aunin zafi a cikin tumatirin da ke tsakiyar tari, an karanta. A sa kuɗin akwatuna da tamfol da horon masu lodi da albashin mai share bututu a cikin kasafi tun farko. Inda kayan albasa ne, a fara da tambayar ko ana buƙatar kwamfuresa ma. Kwalejojin da ke yaye masu gyaran firji su koya musu auna iska kamar yadda suke koya musu cika gas.

Ɗan jaridar da aka kai yawon gani da ido, aka nuna masa allon da ke cewa digiri 8, yana da tambaya ɗaya da ta fi duk jawaban ranar amfani: a ciro tumatir ɗaya daga tsakiyar akwatin da ya fi nisa da fanka, a auna shi a gaban kowa.